Gran Turismo 4 ko Gran Turismo 7: wanne ya dace da shagon gem a Zangon Kumasi?

Kafin mai shagon gem a Aboabo ko Asawase ya zuba sidinsa a wasan tseren mota, gara ya auna kowanne da zamaninsa. Gran Turismo 4 ya iso Turai da Amurka a 2005 a kan PlayStation 2, na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta megabait 32 ce kacal, amma ya zo da motoci sama da 700 a faifai ɗaya. Gran Turismo 7 ya fito a Maris 2022 a kan PS4 da PS5 da motoci ɗari huɗu da wani abu. Ta wannan ma'auni, tsohon ya fi cika ido.

A tuƙi kam sabon ya yi masa nisa. Ruwan sama yana sauka ana tsakiyar tsere, titi ya yi santsi, sannan ya bushe a hankali ta inda tayoyi ke bi. A hannun PS5 maɓallin birki yana yin tauri yana karkarwa a yatsa idan taya na neman kullewa. A tsohon kuwa motocin kwamfuta layi ɗaya suke bi, ko kana gabansu sai su bangaje ka, kuma mota ba ta lotsewa ko an daki bango.

Matsalar sabon ita ce intanet, kuma ba ƙarama ba ce. Yana cin fili sama da gigabait 100, ga sabuntawa masu cin data. Yawancin sassansa ba sa buɗewa sai da layi, ajiyar ci gaba ma haka. Layi na yankewa sai a bar ka da tseren gaggawa da 'yan motoci. A watan da ya fito, sabar kamfanin ta tsaya fiye da awa 30, duk duniya aka yi zaman jira. Ga wanda ke fama da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, wannan abin dubawa ne sosai. Tsohon, katin ajiya mai megabait 8 ya ishe shi, wuta na dawowa a ci gaba.

Sai dai shi ma da lalurarsa. Faifansa mai hawa biyu ne, don haka idon PS2 da ya gaji, ko ƙurar hunturu ta rufe shi, yakan karanta wasu wasannin ya ƙi wannan. A sa mai sayarwa ya kunna shi, a shiga tsere biyu ko uku kafin a biya. Babbar PS2 'yar Amurka wutar 120 take sha, tamu 230 ce; ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, ƙonewa za ta yi. A talabijin mai faɗi, waya mai kai uku tana dusashe hoto, a nemi mai kai biyar.

Dukansu suna raba allo mutum biyu su kara. Shagon da layinsa ke rawa, PS2 mai lafiyayyen ido da hannaye biyu za su fi dawo masa da kuɗi.