Gargaɗi: hattara da masu tallan keken lantarki da tirelar yara a farashin banza

Jama'a, assalamu alaikum. Ina rubuta wannan raina a ɓace, domin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya aka cuta, kuma mutanen da suka cuce shi har yanzu suna nan suna talla.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa suka jingine babur suka koma neman abin hawa mai caji. Ƙanena malamin makaranta ne a Zariya, burinsa kuma ba babba ba ne. Keken lantarki mai sauƙin kuɗi yake so, ya ɗaura 'yar tirelar nan ta yara a baya, wato ɗan amalanken da keke ke ja yaro na zaune a ciki, da la'asar sakaliya ya kai 'yarsa mai shekara uku gidan kakarta su dawo. Sai ya ci karo da talla a Facebook: keke sabo fil, batir 48V 20Ah (V ƙarfin wutarsa ne, Ah kuma yawan cajin da yake riƙewa), wai yana cin kilomita 120 a caji ɗaya, ga tirela kyauta, ga hular kwano, duka a kuɗin da ko batirin kaɗai ba zai saya ba.

Suka ja shi WhatsApp. Aka turo masa bidiyon wani sito cike da kekuna, aka ce kayan gwanjon kwastam ne, saura uku, wanda ya riga biya shi ke da kaya. Ya tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Bayan kwana biyu aka ce kuɗin mota daga Legas. Ya tura. Sai kuma aka ce an tare motar a hanya, sai an biya wani abu kafin a sake ta. A nan ne ya kira ni: "Yaya, ka ranta min, saura kaɗan kayan su iso." Na ce, "Malam, karanto min sunan da ke kan asusun da kake tura kuɗin." Sunan wata mata ne, ba na shagon ba, ba kuma na mutumin da yake magana da shi ba. Da ya nemi su kira shi ta bidiyo su nuna masa keken, sai aka toshe lambarsa. Hukumar Kwastam tana da nata shafin gwanjo a intanet, ba ta sayar da kaya ta hannun wani a WhatsApp, amma wanda aka nuna wa araha aka ce saura uku ba ya tsayawa tunanin wannan.

Wannan damfarar kuɗi kawai ta ci. Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce ta biyu, wadda kayan ke isowa.

Wani maƙwabcinmu ya sayi irin keken a wurin wani mai talla daban, kuma an kawo masa. A jikin batirin an rubuta 48V 20Ah. Bai kai kilomita goma sha biyar ba ya mutu. Muka ɗora shi a sikelin mai sayar da hatsi, bai cika kilo uku ba. Ga lissafin, kowa ya riƙe shi. Yawancin batiran nan an haɗa su ne da ƙananan batira masu lamba 18650, kowanne nauyinsa kusan giram 45. Kafin a samu 48V sai an jera 13. Kafin a samu 20Ah da irin masu 2,500mAh (wato 2.5Ah kowanne) sai layi takwas, wato guda 104 ke nan, nauyinsu kusan kilo biyar tun ba a sa kwanson da wayoyi ba. Batirin da ya ce 20Ah amma ka ɗauke shi kamar burodi, ƙarya yake yi. Idan kuma ka ga an rubuta 9,900mAh a jikin ƙwaya ɗaya, ka ajiye ka tafi, domin na gaskiya daga manyan kamfanoni ba su cika wuce 3,500mAh ba.

Ba gajeren zango ne kaɗai matsalar ba. Batirin da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi, babu ingantaccen allon da ke yanke caji idan ya cika, yana iya kamawa da wuta, kuma wutar irin wannan batir ba ta mutuwa da sauƙi. Gobarar ta yi yawa a birnin New York na Amurka har a 2023 suka hana sayar da keken lantarkin da bai cika ma'aunin kariya daga haɗari na UL 2849 ba. Mu kuwa a ɗaki muke caji, sau da yawa da dare idan an kawo wuta, yara na barci a gefe. Don Allah a daina barin batir a caji ana barci, kuma kada a yi amfani da cajar da ba tasa ba.

Sai maganar tirelar, wadda masu tallan ke jefawa kamar gyara a kasuwa. Ɗanka ne zai zauna a ciki. Ana ɗaura ta ne a ƙarfen tsakiyar tayar baya, ta hagu. Kekuna masu araha kuwa injinsu a cikin tayar bayan yake, ƙarfen ya fi na keken gida kauri, wasu ma ta nan wayar injin ke fitowa, saboda haka ba kowace mahaɗa ce ke shiga ba. Ta maƙwabcin namu ba ta shiga ba, mai tallan ya ce a ɗaure da waya. Da waya, jama'a! Tirela ta gaskiya tana da mahaɗar ƙarfe, da ɗamarar tsaro ta biyu da ke riƙe ta ko mahaɗar ta kwance, da bel mai kama kafaɗun yaro da ƙugunsa, da tuta don direbobi su gan ta. Sanannun masu ƙera ta kamar Thule da Burley suna cewa kada a wuce gudun kusan kilomita 25 a awa, kuma masu kujera biyu ba sa ɗaukar fiye da kimanin kilo 45. Mai talla da ke yi maka alfahari kekensa na gudun 50 bai san abin da kake nema ba, ko kuma bai damu ba. Birki ya fi gudu muhimmanci, domin nauyin tirela turo ka yake yi idan ka zo tsayawa. Jaririn da bai kai shekara ba, wanda wuyansa bai yi ƙwari ba, ba a sa shi ko kaɗan.

Wanda ke son saye, ya je shago da ƙafarsa, ya tafi da mai gyaran keken da ya yarda da shi. Ka hau ka zaga, ka matse birki, ka ɗaga batirin ka ji nauyinsa, a ɗaura tirelar a gabanka. Ka karɓi rasit mai sunan shago da lambar jikin keke, ka tambayi inda za ka samu batir da caja idan sun lalace. Sunan kamfanin ma ana iya duba shi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Idan kuɗinka bai kai ba, keke na hannu mai lafiya da ka gani da idonka ya fi sabon da ke cikin hoto.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru kamar yadda ƙanena ya yi kwana huɗu. Ka je bankinka a ranar da shaidar turawa da hotunan hirarku, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Mu mun kai, muna jira. Shafin masu tallan kuwa ya canza suna makon da ya wuce, amma bidiyon siton nan ne, kuma har yanzu cewa suke saura uku.