Kaptar ɗin papiyon ne ya mutu, ko datti ne kawai?

Alhaji, ka ce Corolla ɗinka tana fizga a hanyar Tahoua zuwa Konni. Wani makanike ya ce a canza kaptar ɗin papiyon, wani ya ce wanki kawai papiyon ɗin yake so, kana tambaya wa za ka bi. Papiyon shi ne 'yar ƙofar da ke buɗe wa inji iska idan ka taka totur, kaptar kuma shi ke gaya wa kwamfutar mota yadda ƙofar ta buɗe. Kafin ka bi kowa, lura da inda ƙafarka take lokacin da motar ke yin abin.

Datti yana bayyana ne idan ka ɗage ƙafa daga totur. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna danƙarewa a bakin papiyon, su toshe 'yar hanyar da iska ke bi a ralanti, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba. Sai mota ta riƙa karkarwa a tsaye, ko ta mutu da zarar an kunna kilim. Da ka taka kuwa, ta warware.

Ciwon kaptar daban ne, kuma shi ya fi kama da abin da ka faɗa. A tsofaffin motoci, cikinsa akwai ɗan harshen ƙarfe da ke gogar wani siririn layi, irin na maɓallin ƙara muryar rediyo. Wurin da ƙafa ta fi zama a doguwar tafiya, nan yake fara cinyewa. Idan harshen ya zo daidai nan sai saƙo ya yanke, kwamfutar mota ta ɗauka ka saki totur, ta rage mai, sannan ta dawo da shi gaba ɗaya. Fizgar ke nan. In otomatik ce, har canjin giya yakan rikice.

Gwajin ba ya son dogon zance. A buɗe makulli ba tare da an tada inji ba, a ɗora mitar awon wuta a wayoyin kaptar. Waya ɗaya tana kawo volt 5, ɗaya mas ce, wato ta komawar wuta, ta uku ita ke kai saƙo. (Wasu tsofaffin Toyota suna da ta huɗu, ta ralanti, kada ta ruɗa yaron gareji.) Ta saƙon ana son a ga wajen volt 0.5 idan papiyon yana rufe, ya hau a hankali zuwa kusan 4.5 idan an buɗe duka. A hankali fa, don mai gaggawa yakan tsallake wurin da ya cinye bai gani ba. Ni na fi yarda da mita mai allura a nan, faɗuwarta ba ta ɓoyuwa.

In an sa balis, na'urar da ke karanto matsala daga kwamfutar mota, aka ga lambar P0122 ko P0123, kada a ruga kasuwa. Lambar tana cewa saƙo ya yi ƙasa ko ya yi sama ne kawai, kuma sakakkiyar soket ko wayar da zafi ya gasa suna kawo haka. A girgiza wayoyin ana kallon mita.

Shawarata, fara da wankin da duba filtar iska, tunda shi ne mai araha, a auna kaptar a zama guda. In awon ya hau sumul, bar shi, a koma kan buji da famfon mai. Amma in motarka mai totur na lantarki ce, wadda ba ta da kebul, kaptar ɗin yana cikin papiyon ɗin, galibi tare ake canza su, kuma bayan wanki sai an sake saita ralanti.