Yaya, ga amsar tambayarka kan ɗakinmu na bayan mota

Yaya, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen Aboabo. Ƙanwarka ma tana gaishe ku. Saƙonka ya iso, na ga kana tambaya ko in sayi irin ɗakin nan namu in ɗoro maka a jirgi ta Tema, ka riƙa kai baƙi masu yawon buɗe ido Mole da Paga, can arewacin Ghana, da shi. Na jinkirta amsa ne don kada in ba ka shawarar da za ta cinye maka jari.

Motar a-kori-kura ce, Ford F-350. Ɗakin kuwa akwati ne da ake zurawa a bayanta, yana da ƙafafu huɗu na jak, idan ana son motar ita kaɗai sai a tsayar da shi a kansu a zare ta. Gado yana bisa kan direba, ga murhu mai kai biyu, ga ɗan firiji, ga bayan gida da bai fi a tsaya a juya ba. Tun da muka bar Bronx, a birnin New York na nan Amurka, inda haya ke cinye fiye da rabin abin da nake samu kowane wata, a ciki muke kwana muke tashi, yau shekara biyu da 'yan watanni.

Tankin ruwanmu lita 110 yake ɗauka, wato bai cika galan Kufuor, jarkar nan rawaya ta ɗebo ruwa, biyar ba, kuma shi ne na sha, na girki, na wanka da alwala har kwana biyar. Maƙwabtanmu Turawa suna mamakin yadda yake kai mu. Ni ban ga abin mamaki ba, wanda ya taso yana bin layin famfo a Zango ya san darajar moɗa ɗaya. Ƙanwarka tana cika buta rabi, ta yi alwalarta cikakkiya, har ta rage na wanke cokali. Ruwan nan dai yana da kyau, ana shan na famfo ba fargaba. Wanda ka ɓata ne abin lura: ba kwata, ba lambatu, yana taruwa a wani tanki ƙarƙashin ɗakin sai ka kai shi wurin zubarwa na musamman, wani wurin kyauta, wani dala goma.

Tukunyar gas ɗinsu ƙarama ce, kilo 9, ba kamar tamu mai kilo 14.5 ba. Na daina musanya ta a bakin kanti tun da na gane ba cika ta suke yi ba, gara in kai a ɗura mini ina tsaye. Wuta kuwa nan ne na sallama musu. Faranti biyu na sola a kan rufi da batirin litiyam guda, shi ke nan: fitila, firiji, cajin waya, injin ruwa. Duk lokacin da na duba batirin da safe sai in tuna dumsor, yawan ɗauke wutar nan na 2015, yadda Hajiya ta riƙa zubar da ƙanƙarar sayarwarta ta narke. Da muna da wannan a lokacin, da ba ta yi asarar nan ba.

Wurin kwana ba ya wahala a yammacin ƙasar. Akwai filayen gwamnatin tarayya da ake zama kyauta har kwana 14 kafin a matsa gaba, shi ya sa hunturu yake samun mu a hamadar Arizona, wajen Quartzsite. A hanya wasu rassan Walmart sukan bari a kwana ɗaya a filin ajiye motocinsu in ka tambaya. Duk inda muka tsaya, abin farko shi ne duba alƙibla a waya, don nan arewa maso gabas take, motar kuma kullum wani gefen take kallo.

To ga inda nake so ka saurara da kyau, kai da ka yi shekara ashirin a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Bara a watan Oktoba mun je aikin girbin gwozar sukari a North Dakota. Sanyi ya sauko da dare, ruwa ya daskare a bututu, injin ruwa ya tsage. Na tashi sallar asuba na taka ƙasa na ji sharkaf, tabarma da buhun shinkafa duk sun jiƙe. Na buga wa wani garejin masu gyaran irin waɗannan ɗakuna, suka ce sai bayan sati uku, kuma awa ɗaya ta aiki dala 160, ban da kuɗin kaya. Ba wanda ya ce kawo mu gani. Nan ba a gyara abu, cirewa ake yi a sa sabo. Na yi odar injin ta intanet, kwana biyu ya iso daidai lambarsa, ba jabu ba, wannan kam sun iya. Na kwanta rigingine ƙarƙashin wurin wanke kwanoni, ƙanwarka tana riƙe da tocila da waya muna bin YouTube, yatsuna sun ƙage don sanyi. Wallahi a ranar kai na tuna. Da a Magazine ne, kafin azahar yaronka ya liƙe tsagar, ya yanka roba daga tsohon tiyub ya yi mata washa, ka ce in kawo abin da ya sauƙaƙa.

Saboda haka kada mu ɗauko ɗakin. Jikinsa katako ne marar kauri da falle-fallen roba, an yi shi don kwalta mai santsi, damina biyu a hanyoyin ƙauyen arewa za su kwance masa haɗi, in ruwa ya shiga kuma ruɓewa yake ta ciki. Soket ɗinsa na wuta 120 ne, tamu 230, duk abin da ya ƙone sai an aiko daga nan. Ga kuɗin jirgi, ga kwastan. Masu walda da kafintocin da ke kusa da kai za su ƙera maka wanda ya fi shi ƙwari a kan motar da kake da ita, in na turo maka awo da hotuna. Abin da ya cancanci a sa a kwantena shi ne batirin litiyam, na'urar cajin sola, injin ruwa da firiji mai aiki da batirin mota, don su ba ruwansu da wutar ƙasa.

Abinci ne har yanzu bai daidaitu ba. Naman halal sai mun shiga babban gari kamar Minneapolis, wajen 'yan Somaliya, mu saya mu yanyanka, firijin kuma ba ya ɗaukar fiye da na sati. Shinkafa da wake suna ko'ina, amma ba karan dafi, wakenmu fari fat yake fitowa. Don Allah idan ɗan Kawu zai taso bayan Sallah, ka sa Hajiya ta haɗa mana karan dafi, kuka, daddawa da yajin tsire, a ɗaure su da kyau a rubuta sunan kowanne a jiki saboda masu bincike a filin jirgi. Ka auno mini tsawo da faɗin bayan motarka, da tsayin kan direba daga bodi, ka turo kafin Juma'a.