Fili a kan tsohon wurin haƙar kuza: gwajin lantarki ko tonon rami?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a gama ginin lafiya. Ka ce ka samu fili ƙafa 100 sau 100 a wajen Bukuru, kana son ɗora bene hawa ɗaya, amma maƙwabta sun gaya maka an taɓa haƙar kuza a wurin. Injiniya ɗaya ya ce a kawo injin tono a huda ƙasa a ɗebo samfuri, wani kuma ya ce a yi gwajin lantarki irin na masu neman ruwa, ya fi sauƙi kuma ya fi arha. Tambayarka ita ce wanne za ka ɗauka.

Kafin a zo ga zaɓi, a san abin da ake nema, domin haƙar kuza a Jos iri biyu ce kuma abin da kowace ta bari a ƙasa daban ne. Manyan kamfanonin Turawa da suka yi aiki a ƙarni na 20, irin su Amalgamated Tin Mines of Nigeria, yawanci buɗe ƙasa suka yi daga sama, da manyan injuna da famfunan ruwa. Su suka bar kududdufan da ake gani a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, da tulin ƙasa, da lakar wankin kuza. Wasu ramukan an cike su, ciyawa ta rufe, ka rantse ƙasa ce ta asali. Iri na biyu shi ne loto. Mutum ya haƙa rijiya mai faɗin mita ɗaya ko ƙasa da haka, ya nutsa mita 10 ko 15, wani ya wuce haka, har ya tarar da tsakuwar da ke ɗauke da kuza, sannan ya bi ta a kwance ta kowace fuska. Wannan ya ƙaru sosai bayan faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985, lokacin da kamfanoni suka durƙushe, ma'aikata suka koma haƙa da kansu. Loto ba shi da taswira. Shi ya fi ba ni tsoro, don rufin kogon yakan riƙa zubowa kaɗan-kaɗan, kogon yana hawowa sama shekara da shekaru, sai wata damina mai ƙarfi ƙasa ta burma.

Gwajin lantarki ga yadda yake. Ana jera turakun ƙarfe a layi, tazarar mita 2 ko 3 ko 5, a haɗa su da waya, na'ura ta tura lantarki cikin ƙasa ta auna yadda ƙasar ke hana shi wucewa. Da rani ƙasa kan bushe ƙamas, za ka ga yaran aikin suna bin turakun da jarka suna zuba ruwan gishiri a gindin kowanne don lantarkin ya kama. Kwamfuta sai ta fitar da hoto mai launuka, kamar an yanka ƙasar an duba ta gefe. Kogon da iska ce a cikinsa yana hana lantarki wucewa ƙwarai, wanda ruwa ko laka suka cika kuwa yana barinsa ya wuce cikin sauƙi. Tono kuma huda ce mai faɗin santimita 10 zuwa 15. Mai injin yana jin ƙasa a hannunsa. Idan ya faɗa kogo, sandar tono takan zurma farat ɗaya ba tare da an danna ta ba, ruwan da ake turawa ciki kuma ya daina dawowa sama. Mai tonon kirki nan take zai tsaya ya rubuta zurfin da abin ya fara da inda ya ƙare.

Ta fuskar faɗin wurin da ake dubawa, lantarki ya yi wa tono fintinkau. Filinka kusan murabba'in mita 900 ne, bakin rijiyar loto kuwa bai cika murabba'in mita ɗaya ba. Idan rijiya ɗaya ce a ɓoye, aka huda rami ɗaya a makance, damar a faɗa mata kusan ɗaya ce cikin 1,000. A huda uku ko huɗu kamar yadda aka saba, rahoto ya fito tas, alhali rijiyar tana nan taku uku daga inda aka huda. Hanyoyin da ke kwance a ƙasa sun fi saurin kamuwa saboda sun bazu, amma su ma siraɗai ne. Layukan lantarki kuwa suna ratsa filin daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta fuskar tabbaci kuma magana ta juya. Lantarki ba ya ce maka ga kogo, cewa yake yi nan wurin ya bambanta da kewayensa. A ƙasar Jos wannan babbar matsala ce, domin akwai manyan duwatsu dunƙulallu binne cikin jar ƙasa, kuma a hoton suna fitowa da launi ɗaya da kogon iska. Kogon da laka ta cika shi kuma yana iya sajewa da yumɓun da ke kewaye da shi ya ɓace gaba ɗaya. Bututun ƙarfe da wayar shinge da kankaren maƙwabta duk suna rikita awon. Sannan ganinsa yana raguwa da zurfi: hanya mai faɗin mita ɗaya a zurfin mita 4 za ta iya bayyana, irinta a mita 15 da wuya. Akwai kuma abin da masu gwajin ba su cika faɗa wa mai fili ba. Zurfin da na'urar ke gani kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na tsawon layin. Layin da ya tsaya iya katangarka, mita 30, ba zai ga abin da ya wuce mita 6 ba. In ana son mita 20 sai an ja waya wajen mita 100, wato sai ka nemi izinin maƙwabta. Tono ba shi da wannan shubuha. Abin da ya fito a samfuri shi ne ke wurin, ka taɓa shi da hannu, ka gane ciko ne ko ƙasar asali.

A nan zan ja kunnenka a kan kalamin injiniya na biyu, wato irin na masu neman ruwa. Abin da masu rijiyar burtsatse suka saba yi awo ne a kan ɗigo ɗaya, suna buɗa turaku huɗu hagu da dama don sanin zurfin ruwa a daidai wurin. Wannan yana ɗauka cewa ƙasa shimfiɗe take hawa-hawa, bai dace da neman rami ba ko kaɗan. Wanda kake buƙata shi ne mai turaku da yawa da ke ba da hoton layi, a yi layuka kusa da juna, wasu a tsaye wasu a gicciye. In an kawo maka zancen na'urar rada da ake turawa kamar keken guragu, tana da kyau a busasshen yashi, amma a jiƙaƙƙen yumɓu da ƙyar take ganin mita ɗaya ko biyu.

Sai abin da mai zana harsashin gini zai yi da sakamakon. Hoton lantarki ba zai gaya masa nauyin da ƙasa za ta ɗauka ba. Tono ne ke ba da wannan, ta gwajin da ake sakin guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa ya tura bututu santimita 30 cikin ƙasa. A tsohon kududdufin da aka cike da lakar wanki, wani lokaci nauyin gudumar kaɗai ke nutsar da bututun ba a buga ba. Irin wannan wurin babu kogo ko ɗaya a cikinsa, amma bene zai zauna ya karkace, bango ya tsage daga lintel har ƙasa.

Batun kuɗi da lokaci gajere ne: lantarki kwana ɗaya ko biyu, ba ya ɓata fili, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Tono ya fi tsada, ana lissafinsa da mita, ga kuɗin kawo inji da ruwa da na ɗakin gwaji.

Ra'ayina shi ne kada ka yarda a sa ka zaɓi ɗaya, kuma kada ka fara da ko ɗaya daga cikinsu. Fara da mai unguwa da dattawan da suka yi loto da hannunsu. Da yawa suna raye, kuma wani zai taka da kai ya nuna maka bakin rijiya da sandarsa. Duba tsofaffin hotunan wurin a Google Earth, ka leƙa ofishin ma'adinai da ke Jos ko akwai takardun tsohon lasisin yankin. Bayan haka ka ɗauko katafila ta kankare saman ƙasa, kamar rabin mita, a duk inda ginin zai zauna har da ɗan ƙari a kewaye. Rijiyar da aka cike takan fito fili a matsayin da'ira mai launi daban, baƙa-baƙa ko fara-fara a tsakiyar jar marmara, kuma tana shan ruwa da sauri in an zuba. Direban ya yi aiki daga gefen da aka tabbatar da shi, kuma ko da wasa kada a tura yaro cikin ramin da aka buɗe, iskar ciki na kisa. Daga nan a yi layukan lantarki, sannan a kawo injin tono a huda daidai wuraren da hoton ya nuna shakku, da kusurwoyin ginin, a wuce tsakuwar kuza har a shiga ƙasar da ba a taɓa ba.

In aljihu ya ƙi, dole sai ɗaya, to tun da bene ne, tono zan ɗauka tare da sa katafila ta kankare saman ƙasa, in ƙara yawan ramukan. Da gida ne na ƙasa mara nauyi, da na ce lantarki da 'yan ramukan gwaji na katafila.

Samun kogo ba ya nufin fili ya mutu. Ana iya tura ruwan siminti da yashi ta ramukan tono a cike shi, a rufe bakin rijiya da kankare mai rodi wanda ya zarce bakin ta kowane gefe, a zuba harsashi na bai ɗaya a ƙarƙashin ginin duka, ko a matsar da ginin zuwa ɓangaren da ke lafiya. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, shi ne zai yanke wannan bisa rahoton, kuma rahoton ya zo da taswirar da ke nuna inda kowane layi da kowane rami yake. Yashin wankin kuza da ke jibge a irin waɗannan wurare kuma kada ka bari magina su ɗiba don yaɓe ko ciko a ɗaki, domin yakan ƙunshi ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshan. In har yanzu ba ka cika kuɗin filin ba, ka riƙe ragowar, ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa cikawa sai bayan sakamakon gwaji ya fito.