Kantin cakulan a Brussels: abin da ya cancanci shiga jakar tsaraba

Saura kwana ɗaya in bar birnin Brussels na ƙasar Beljiyam na tuna ban yi wa kowa tsaraba ba, saboda haka da yamma na bi ɗaya daga cikin lungunan da suka fito daga dandalin Grand-Place, na shiga wani kantin cakulan da alawa da na sha wucewa ta gabansa. Kantin ba shi da faɗi, amma yana da zurfi, kuma wanda ya tsaya a bakin ƙofa kawai zai yi masa hukuncin da bai dace da shi ba.

Abin da ke tarbar baƙo daga shiga shi ne kayan 'yan yawon buɗe ido: maƙalan makulli, 'yan maganaɗisun da ake mannawa a ƙofar firji, gwangwanayen biskit masu hoton dandalin, da cakulan da aka zuba a siffar Manneken Pis, gunkin yaron nan da aka ƙera a 1619. Ban daɗe a wannan sashe ba. Na juya bayan kwali biyu na karanta, sai na ga sukari ne a farkon jerin kayan haɗin, ga kuma man da ba na koko ba a ciki. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa irin wannan mai har kashi 5 cikin ɗari a ci gaba da kiran abin cakulan, don haka ba ha'inci aka yi ba, sai dai wanda ya saya kuɗin kwali da hoto ya biya.

Darajar kantin tana can ƙurya, inda aka jera faralin a bayan gilashi cikin sanyi. Faralin ɗan ƙaramin cakulan ne mai ɓawo, wanda ake cika cikinsa da wani abu mai laushi, kuma a wannan birni aka fara yinsa: Jean Neuhaus ƙarami ne ya ƙirƙiro shi a 1912, a shagon da kakansa ya buɗe a 1857 don sayar da magani, sannan a 1915 aka fito da ɗan kwalin da ake jera shi a ciki don kada ya murƙushe. Irin wannan kwali matar da ke tsaron wurin ta ɗauko, ta sa farar safar hannu, ta tsaya tana jiran in nuna. A kan awo ake sayarwa, mutum ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana shimfiɗa siririyar takarda tsakanin jeri da jeri kafin ta ɗora a sikeli.

Kafin ta sa ko guda ɗaya, sai ta tambaye ni yaushe zan tafi, awa nawa tafiyar za ta ci, kuma akwai zafi a inda za ni ko babu. Wannan tambaya ce ta sa na yarda da kantin. Da ta ji amsata, ta hana ni waɗanda aka cika da ɗanyen kirim, duk da cewa su suka fi ɗaukar ido, domin ba sa daɗewa, ta karkatar da ni zuwa masu cikin niƙaƙƙun 'ya'yan itace dangin gyaɗa da kuma sandunan baƙin cakulan, waɗanda ke jure watanni. Ta kuma yi mini bayanin abin da ban taɓa kula da shi ba, wato man koko yana narkewa ne a zafin da ya kai kimanin digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa cakulan mai kyau yake narkewa a baki ba tare da ya bar maiƙo a dasashi ba, kuma shi ya sa ba ya son aljihu ko bayan mota. Idan ya narke ya sake daskarewa, wani fari-fari yakan fito a samansa kamar an barbaɗa gari. Bai lalace ba, amma ƙyallinsa da ƙarar da yake yi idan an karya shi sun tafi. Firji ma ba mafita ba ne kai tsaye, domin raɓa takan kwanta a kansa idan an fito da shi, ga shi da saurin ɗaukar warin abin da ke kusa da shi.

Na ɗanɗana guda biyu da ta miƙo mini. Baƙin mai kashi 70 cikin ɗari na koko ya zo da ɗan ɗaci a farko, daga baya wani tsami-tsami ya biyo, kuma an rubuta a jikin takardarsa cewa daga Gana kokon ya fito. Na ji wani iri da na karanta, domin Gana da Kwaddibuwa su ke noma kimanin rabin kokon duniya, amma sunan Beljiyam, wadda ba ta da gonar koko ko ɗaya, shi ne ke sayar da kwalin.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ba ƙarami ba ne. Faralin da ke bayan gilashi sunayensu kawai aka rubuta, ba a nuna waɗanda aka sa wa giya a ciki ba, alhali suna da yawa kuma suna zaune kafaɗa da kafaɗa da sauran. Sai da na tambaya ta ciro guda biyu da ta riga ta jera mini, ta ba da haƙuri. Haka ma alawar nan mai launin shunayya da siffar ɗan mazurari, wadda birnin Ghent ya shahara da ita, ana yinta da ƙaro, amma wasu masu yinta sukan ƙara sinadarin jelatin da ake samu daga dabbobi, kuma matar ba ta iya tabbatar mini da abin da ke cikin tasu ba, don haka na bar ta. Duk wanda addini ko lafiya ya hana shi wani abu, ya buɗe baki ya yi tambaya kafin a rufe kwali.

Wajen ɗauri kuwa ba su da na biyu. Ta naɗe kwalayen, ta sa su cikin jaka mai rufin azurfa da ke riƙe sanyi, ta ce in riƙe su a jakar hannu, amma kwalbar cakulan ɗin shafawa a burodi da na saya in tura ta babbar jaka, tunda a mafi yawan filayen jirgin sama ana lissafa ta cikin ruwa-ruwan da ba a yarda su wuce mililita 100 ba. Na bi shawararta, na iso da kwali uku lafiya lau, in ban da faralin ɗaya da ya fashe a kusurwa, wanda na cinye tun kafin in fara rabo.