Karatun zama NP a Amurka: abin da za ki duba kafin ki biya kuɗin makaranta

Duk nas ɗin da ta daɗe tana aikin dare a asibitin Amurka, wata rana sai tunanin ya faɗo mata: me zai hana in ƙaro karatu in zama NP? Wato nas ɗin da ke duba mara lafiya da kanta, ta tura shi gwaji, ta gano ciwon, ta rubuta magani. A Jami'ar Kolorado aka fara wannan horo a 1965, lokacin da Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka buɗe kwas na farko saboda ƙarancin likitoci, musamman a karkara. Yau makarantun sun zama kasuwa, kowa na tallan hajarsa a intanet. To 'yar'uwa (maza ma kuna ciki), a shiga kasuwar nan ido buɗe.

Tambayar da aka fi yi ita ce: digiri na biyu, MSN, ko na dakta, DNP? Ga mai digirin farko na jinya da lasisin RN, wato na cikakkiyar nas mai rajista, MSN kan ci shekara biyu zuwa uku, DNP kuwa uku zuwa huɗu, da awa 1,000 na horo da kuma wani aikin bincike a ƙarshe. Tun 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta AACN ke kiran a koma DNP, amma har yanzu jihohi na ba mai MSN lasisi, jarrabawar ƙwarewa ɗaya ce, alƙalamin rubuta maganin ma ɗaya ne. In burinki koyarwa a jami'a ne, DNP ya fi, kuma akwai bashin gwamnatin tarayya na horar da malaman jinya wanda ake yafe har kashi 85 cikin ɗari nasa ga wadda ta koyar shekara huɗu. In kuwa duba marasa lafiya kawai kike so, kuma ga yara ga haya, yi MSN ɗinki. Ana iya ɗora DNP daga baya.

Fannin da za ki zaɓa ya fi sunan digirin nauyi. Ba a karanta NP haka nan kawai, sai an ɗaure shi da irin mutanen da za ki duba: iyali, manya da tsofaffi, yara, jarirai, mata, ko masu taɓin hankali. Na iyali shi ne ya fi jama'a, don daga jariri har tsohuwa duk naki ne, amma horonsa na asibitin shan magani ne, ba na masu kwance rai kwakwai mutu kwakwai ba. Nas ɗin ɗakin kulawa ta musamman da ta bi ayari ta yi na iyali, tana iya tarar da asibitinta na neman mai takardar manya masu ciwon gaggawa. Sai ta sake komawa makaranta, ta sake biya. Na jarirai kuwa yawanci ba sa ɗaukar mutum sai ya yi shekara biyu a ɗakin bakwaini.

Yanzu ga inda ni nake auna makaranta. Lacca a intanet ko a aji, bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Manyan darussan nan uku, yadda cuta ke aiki a jiki, ilimin magunguna, da duba jikin mara lafiya, ana iya karanta su a teburin kicin bayan yara sun yi barci. Abin da ba ya yiwuwa a kwamfuta shi ne tsayawa kusa da ƙwararre a asibiti. A da awa 500 ne mafi ƙanƙanta, ƙa'idojin horar da NP na 2022 suka ɗaga shi zuwa 750. To wa zai nemo miki wannan mai horarwar?

Wasu makarantu su ke nemowa. Wasu kuwa sai su ce "za mu taimaka", wanda fassararsa ita ce ki nemo da kanki. Na ga wata abokiyar aikina zaune a mota lokacin hutun cin abinci, riƙe da ɗan littafi cike da lambobin asibitoci, tana bugawa tana sokewa da jan biro. Amsa ɗaya ce ko'ina: mun cika da ɗalibai sai baɗi. Zango guda ya wuce ta, ƙarshe sai da ta biya wani kamfanin dillalai ya samo mata wuri mai tafiyar awa ɗaya da rabi. Makarantar da ta zaɓa don sauƙin kuɗi ta tashi da tsada. Araha dai ba ta ado. Saboda haka kada ki yarda da daɗin bakin jami'in ɗaukar ɗalibai a waya. Ce masa ya rubuto miki: wa ke da alhakin samo wurin horo, kuma me zai faru in ba a samu ba.

Mai horarwar ma suna suka tara. Akwai wadda za ta bar ki a kusurwa kina kallo har awanninki su cika. Akwai wadda za ta tura ki ɗaki ke kaɗai, ki fito ki bayyana mata mara lafiyar cikin minti biyu, sannan ta tsare ki da ido: "To me kike zato, kuma me ya sa ba wancan ba?" Ta biyun za ta sa ki gumi. Ita ake nema.

Sauran binciken na minti goma ne. Makarantar na da amincewar ɗaya daga hukumomin da ke tantance makarantun jinya, irin su CCNE ko ACEN? In babu, ba za a bar ki ki zauna jarrabawa ba. Jiharki ta yarda ɗalibanta su yi horo a cikinta? Nawa ne daga ɗalibanta ke cin jarrabawa a zaman farko? Makarantar da ke nuƙu-nuƙu da wannan adadi, a kiyaye ta.

Ita jarrabawar, mai fannin iyali na da zaɓi biyu, daga hukumomi biyu da ke shirya ta. Ta AANP tambaya 150 ce a awa uku, kusan duka kan ciwo da magani. Ta ANCC 175 ce a awa uku da rabi, ta ɗan haɗa da dokokin aiki da bincike. Jihohi na karɓar kowacce, kuma duk bayan shekara biyar ake sabunta su. Kada wannan ya hana ki barci.

Ki kuma leƙa dokar inda za ki zauna. Sama da rabin jihohi, irin su Arizona da Oregon, sun sakar wa NP mara ta yi aiki da kanta har ta buɗe nata wurin. A Tekzas kuwa sai da yarjejeniya da likita kafin ki rubuta ko da maganin hawan jini ne, kuma sau da yawa wadda ta buɗe wurinta ita ke biyan likitan duk wata.