Gargaɗi ga masu motoci: ana sayar da matattun shokabzoba da sunan na Beljiyam

Jama'a, ku yi hattara da wata damfara da ake yi a wasu garejoji da shagunan kayan gyaran mota. Za ka kai mota kana kukan tana jijjiga ka a kan hanya, makanike bai ko leƙa ƙarƙashinta ba zai ce, "Alhaji, shok ne ya mutu." Shok, wato shokabzoba, shi ne abin da ke rage jijjigar mota. Nan take ya tura yaronsa wajen wani mai kaya da suka riga suka shirya, yana da la'adarsa a ciki.

Abin da ake kawo maka tsohon shok ne da ya gama aiki. Sukan huda jikinsa, su ɗura masa baƙin mai mai kauri, su toshe da walda, su fesa fenti, su manna takardar kamfanin KYB ko Monroe ta jabu. Ranar da aka ɗaura za ka ji mota ta yi tauri, ka ɗauka ƙarfi ne. Ba a jimawa man ya tsiyaye, ka koma gidan jiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, sau da yawa naka da aka cire lafiyarsa ƙalau, shi za a wanke a sayar wa wani.

Wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Mataccen shok yana hana taya riƙe kwalta, birki ya daɗe kafin ya tsayar da mota, ta riƙa tangaɗi a kwana da iyali a ciki.

Kafin ka yarda da maganar makanike, fara da iskar taya. Masu faci da yawa suna cika ta fiye da kima, wannan kaɗai ya isa ya sa ka ji kowace tsakuwa a bayanka. Ma'aunin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Sannan ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Idan ta taso ta tsaya, da sauran rai. Idan ta ci gaba da lilo, shok ya gaji. Duba ko mai na zubowa a jikinsa, ko taya na cinyewa gurbi-gurbi, ko gaban motar na durƙusawa idan ka taka birki. Ƙarar ƙwas-ƙwas a ramuka kuwa, galibi bushin ne (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota) ko linkej (ɗan ƙarfen da ke haɗa su), kuma kuɗinsu bai kai na shok ba. Masu ƙera shok suna ba da shawarar sauyawa wajen kilomita 80,000, amma hanyoyinmu kan rage masa kwana.

In sauyawar ta zama dole, je ka saya da kanka. Nemi tabon walda a jikinsa da fenti a kan zaren noti, ka duba ko sandar ta yi tsatsa ko ƙarzuwa; in ka ga haka, tsoho ne. Danna ta: in na gas ne, a hankali za ta dawo da kanta. A sauya biyu tare, dama da hagu, ka karɓi rasit, ka tsaya a ɗaura a gabanka, tsofaffin kuma a saka maka su a but ka tafi da su.